Akwatin Da Ya Tsallake Iyaka

Shafi na 19

Salamu alaikum, mutanen wannan zaure. Kwana biyu kun hana wayata sakat. Sakinatu ta Bahindi har cewa ta yi in ban sako yau ba za ta hau mashin ta zo ta tare min a ƙofar ɗaki. Zauna abinki, ga shi nan. Masu zagin Najiba kan abin da ta yi wa tsoho kuma, ku ɗan rage, kada yawunku ya ƙare tun ba a je ko'ina ba.

Ga waɗanda suka shigo yau: shekara arba'in da ɗaya shagon Alhaji Attahiru Mai-Rediyo yana bakin kasuwar Bagudo, ana gyaran rediyo da kaset da lasifika. Zamani ya juya, ƙafa ta ɗauke. Da ciwo ya zaunar da Alhaji a gida sai ya damƙa makulli ga 'yarsa Najiba, wadda ta karanto aikin lantarki. Ita ce ta ƙera wani ɗan akwati da ake haɗawa da famfon sola. Manomi yana zaune a gida zai kira lambar akwatin, in ya danna ɗaya ruwa ya taso, in ya danna biyu ya tsaya. Sharaɗin Alhaji ɗaya ne: in ƙungiyar manoman rani ta karɓi akwatin yau, shago ya zama na Najiba. In ba su karɓa ba, makulli ya koma hannun yayanta Saifuddeen, ya mai da wurin rumbun shinkafa.

Jiya kuwa, cikin ɗokin gyara shago, ta sa aka fitar da teburin Baba Badamasi, mai gyaran da ya shekara talatin da huɗu a wurin, aka kai shi baya tare da tsofaffin eriyoyinsa. "To," kawai ya ce.

*

Ƙarfe goma na safe gonar Sarkin Noma Yero ta cika. Mutanen Geza sun zo, na Lafagu sun zo, na Bahindi tun da hantsi suka kama inuwar giginya. Daga bakin rijiyar gonar in ka dubi yamma kana hango dogayen itatuwan ƙasar Benin, jifa biyu ne tsakani.

Najiba ta ɗaure akwatinta a jikin ƙarfen da ke riƙe da faifan sola, ta goge shi da gefen mayafi har sau biyu. Sau ashirin da uku ta gwada abin nan, a shago da fadamar Bahindi, bai taɓa ba ta kunya ba.

"Ranka shi daɗe, ga lambar," ta ce da Sarkin Noma. "Ka kira, in ta shiga ka danna ɗaya."

"Shi ke nan? Ba a jan igiya?"

"Babu igiya."

"Ba a zuba mai?"

"Ko ɗigo."

Yero ya dubi jama'arsa yana murmushi. "Kun jiya ko? Yau zan ba shinkafa ruwa da ɗan yatsa."

Maimakon ya kira a inda yake tsaye, sai ya tattara babbar rigarsa ya nufi wani ƙaton suri da ke gefen gona. Ya hau can bisa, ya juya ya fuskanci gabas, sannan ya kara waya a kunne. Najiba ta ɗauka son a gan shi ne irin na manya, har ta ɗan yi dariya a ranta. Da ta san abin da hawan surin nan yake nufi da ba ta yi ba.

Ido arba'in da wani abu suka koma kan bakin tiyo.

Ko tari tiyon bai yi ba.

"Injiniya," Yero ya kira daga sama, "wata mata ta ce lambar ga ba ta samuwa."

"Sake kira, ranka shi daɗe."

Ya sake. Ya kuma sakewa.

Gumi ya fara tsattsafo wa Najiba a goshi. Ta durƙusa ta kwance murfin akwatin. Batir lafiya, wayoyi lafiya, babu abin da ya ƙone. Tana cikin dubawa sai wayar da ke jakarta ta yi ƙara, ting. Ta wani dattijo da ke kusa da ita ma ta yi, ting. Can ta wani ta amsa.

Sai wurin ya kaure da dariya.

"Biyambini ta zaka," in ji wani mutumin Geza.

"Mece ce kuma Biyambini?" Najiba ta tambaya.

"Duba wayarki, ɗiyata."

Ta duba. Saƙo ne da Faransanci, ana yi mata barka da zuwa ƙasar Benin, alhali ƙafafunta biyu suna cikin gonar Yero.

"Nan wurin haka shi ke," dattijon ya ce. "Kana zaune gonar ubanka sabis ɗin Faransa, wato na Benin, shi jawo wayarka shi gaishe ka. Mu mun saba. In kana son ka kira gida, sai ka hau suri."

Ta sake leƙa ɗan gilashin akwatin, sai yanzu ta lura da sunan da ke rubuce a kai. Sim ɗin da ta saka ya saki sabis ɗin Najeriya ya kama na maƙwabta, shi kuwa ba a buɗe masa aiki a waje ba.

Yero ya sauko yana karkaɗe riga. Da aka yi masa bayani ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wato akwatinki ya tsallake iyaka ba takarda. Ki gode Allah 'yan kwastan ba su gane shi ba."

Kowa ya dara, ban da ita.

"Minti biyar," ta ce. "Zan ɗaure shi kan namu sabis ɗin, ba ya ƙara tsallakewa."

Ta jona wayarta da akwatin, ta ɗaure sim ɗin. Sunan Faransanci ya ɓace. Ta jira na gida ya fito. Gilashin ya tsaya fayau, ko sanda ɗaya babu. Rijiyar tana cikin kwari, sabis ɗin gida ba ya saukowa nan.

Wallahi ni mai rubutun nan sai da na ji mata.

"Injiniya," Yero ya ce, yanzu babu wasa a muryarsa, "rabin gonakinmu bakin iyaka su ke. Abin da ba ya aiki nan, ba shi da amfani gare mu. Muna nan har azahar saboda darajar Alhaji. In anka kira salla, mun tashi."

Jama'a suka koma inuwa. Mai shayin da ya biyo taron ya hura gawayi, shi dai kasuwa ta buɗe masa.

Sai ga Saifuddeen ya taso daga jikin motarsa, yana tafe yana kaɗa makullin mota a yatsa. Igiyar awo tana leƙe daga aljihunsa. Tun makon jiya ya auna shagon, ya ce zai ci buhu ɗari uku.

"Ƙanwata, sannu da ƙoƙari."

"Yaya Saifu, don Allah ba yanzu ba."

"Ai ba faɗa na zaka yi ba. Kin yi iyakar yinki, kowa ya gani. Kawo makullin nan tun da sauran mutunci, in ce musu kin ɗage gwaji."

"Azahar ba ta yi ba."

"Mi za ki yi kahin azahar? Ki ɗauko ƙarhen sabis bisa kai daga Bagudo?"

"In ta kama."

"Taurin kai dai irin na Alhaji." Ya sassauta murya. "Najiba, shagon ga ya mutu tun ranar da mutane sunka fara jin labarai cikin waya. Ke kika ƙi yarda. Shinkafa kuwa ba a daina ci."

Ta damƙe makullin da ke ɗaure a bakin mayafinta. Ta buɗe baki za ta ba shi amsa ke nan sai aka ji ƙarar wani tsohon mashin, irin wanda ake jin zuwansa tun yana wata unguwa.

Baba Badamasi ne. Ya ɗauro doguwar gora a bayan mashin, buhu a rataye gefe, ƙaramar rediyonsa tana lilo a wuya kamar kullum. Ya kashe mashin, ya bi manya ya gaisa ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, sannan ya iso bakin rijiya.

"'Yar Baba, ya aiki?"

Kunya ta rufe ta. Tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburinsa yake kiranta da sunan nan.

"Baba, mi ya kawo ka?"

"Na ji an ce gonar Yero za a yi gwaji. Na ce to, Biyambini za ta yi baƙuwa."

"Ka san haka za ta faru?"

"Wa bai sani ba?"

"To don mi ba ka faɗa min ba?"

Ya dube ta, ba fushi a fuskarsa. "Kin tambaye ni?"

Ta sunkuyar da kai. Wata uku tana shiga tana fita da akwatin nan a gabansa, ko sau ɗaya ba ta ce Baba duba min ba.

Ya zazzage buhunsa a ƙasa. Wayoyin ƙafar keke ne, da guntun katako, da igiyar eriyar talabijin, da wani murfin tukunyar alminiyam duk ya lotse. Najiba ta gane su. Cikin tarkacen da ta sa aka fitar jiya ne.

Saifuddeen ya tuntsire da dariya. "Baba, tuwo za a ɗora?"

Tsohon bai ko kalle shi ba.

"Baba," Najiba ta ce a hankali, "wannan fa ba rediyo ba ne."

"Mi ka kawo magana cikin rediyo?"

"Iska."

"Cikin waya fa?"

"Iska," ta sake cewa.

"To iskar ɗaya ta. Akwatinki kunne garai, amma ko'ina shi ka saurare, wanda ya fi ƙarfin murya shi ka janye shi. Mu yi mishi ƙaho. Shi ba Faransa baya, shi dubi gida."

Kamar an kunna fitila a kanta. Eriya mai fuskantar waje ɗaya! Sun yi ta a aji biyu, ta ci jarrabawar, ta manta da ita. Murfin tukunya zai tare na yamma, wayoyin keke su tattaro na gabas. Ta zabura ta fizgo biro, ta fara lissafi a tafin hannunta.

"Tsawon kowace waya, bari in gani, santimita goma sha shida da rabi..."

"Ban san shi ba," in ji Baba. Ya ɗora waya a kan katako, ya buɗe tafinsa. "Taƙi guda, a ɗebe yatsa biyu."

Ya sa filaya ya datse.

"Baba, ba a yin wannan da ka. Sai an auna."

"Auna."

Ba ta da abin awo. Ta waiga, idonta ya sauka kan aljihun yayanta. Kafin ya ankara ta zare igiyar awon da ya auna shagon ubansu da ita, ta ɗora a kan wayar.

Goma sha shida da rabi. Ko gashi bai ƙaru ba.

Ta ɗago ta dubi tsohon, bakinta a buɗe.

"Tun ba a haihe ki ba ni ka yanka su," ya ce. "Wancan lokaci tashoshin nesa mu ka kamo ma mutane. Da waya ta zaka, na rage tsawo har na gane nata. Riƙe min nan."

Daga nan fa aiki ya kankama. Ita tana lissafin tazara tana sa alama da biro, shi yana huda katako yana soka wayoyi. Babu wuta a gona, sai ya tura ƙarfen dalmarsa cikin garwashin mai shayi, ya yi ja, ya liƙe igiyar eriya da shi. Manoma suka baro inuwa suka kewaye su. Wani ya riƙe gora, wani ya kawo igiya, mutumin Geza ya ce a ba shi ya haƙa rami tunda shi ya fara yi mata dariya.

Rana ta take tsaka. Wani daga cikin mutanen Lafagu ya fara nannaɗe hannun riga zai yi alwala.

Aka ɗaga gora, ƙahon yana can bisa da murfin tukunya a bayansa yana ƙyalli. Najiba ta durƙusa gaban akwati, idonta a kan gilashi.

"Juya, Baba."

Ya juya.

"Babu. Ƙara."

"Yanzu hwa?"

"Babu... tsaya! Sanda ɗaya. Ƙara kaɗan, hannun hagu."

"Haka?"

"Biyu. Uku. Baba kada ka motsa, uku ne."

Yero ya ɗaga kai ya bi inda ƙahon ya nuna da ido. "Ikon Allah. Shi ma sai da ya dubi gabas kamar kowa kana ya samu biyan buƙata."

Bai jira an ce masa ba. Ya kwashi riga ya haye suri da saurin da ban zaci shekarunsa za su yarda ba. Ya kira. Wannan karon matar ba ta yi magana ba.

"Ta shiga," ya ce. "In danna?"

"Danna, ranka shi daɗe."

Akwati ya yi ƙas. Famfo ya yi gurnani can ƙasa. Tiyo ya motsa, ya kumbura, ya yi tari sau biyu, sai ga ruwa ya yi tsiri ya faɗa fangalin shinkafa na farko.

Wurin ya ɗauki kabbara. Dattijon nan ya tara hannu ya wanke fuska. Yero kuwa ya samu abin wasa: ya danna biyu ruwa ya tsaya, ya danna ɗaya ya dawo, ya sake danna biyu.

"Sarkin Noma, ka bari shinkafa ta sha mana," wani ya ce.

"Ku ƙyale ni. Shekara hamsin ina jan igiya."

Najiba tana dariya hawaye na zuba, ba ta ma damu ta share ba. Da ruwan akwatinta aka yi alwalar azahar ranar.

Bayan an sallame Yero ya tsaya a gaban jama'a.

"Mun karɓa. Gona sittin da biyu a ƙungiyarmu, kowace a sa mata. Amma da sharaɗi: kowane akwati shi zo da ƙahonshi. Ba mu son mai tsallake iyaka."

"An gama, ranka shi daɗe."

"Kuma ki gode ma ɗan'uwanki. Ni a Bahindi na so a yi gwajin ga, kusa da gari. Shi ya matsa min, ya ce a kawo shi nan bakin iyaka, nan a ka gane na ƙwarai."

Najiba ta juya a hankali.

Saifuddeen yana ƙoƙarin buɗe mota, makulli ya ƙi shiga.

"Yaya Saifu. Waya nawa ke aljihunka?"

"Mi ya kawo wannan magana?"

"Biyu ne. Ɗaya ta gida, ɗaya ta Faransa. Kullum kana kan hanyar ga. Ka san da Biyambini."

"To, in na sani? Ƙarya na yi? Ba ga shi an gane na ƙwarai ba?"

"An gane," ta ce. Ta miƙa masa igiyar awonsa. "Ungo. Ta yi amfani yau."

Ya karɓa, ya ja mota ya bar mata ƙura. Ba ta bi shi da ido ba, murna ta fi ƙarfin haushi. Kanta ya riga ya cika da tsari: ƙaho sittin da biyu, a samo bututun alminiyam maimakon wayar keke, a bi gona-gona a gano inda kowace za ta fuskanta. Wanda ya san wannan a ƙasar nan kaf mutum ɗaya ne.

Ta same shi yana ɗaure buhunsa a bayan mashin.

"Baba, ka yafe min. Na yi wauta. Yau ɗin nan teburinka zai koma gaba, bakin ƙofa, inda ya ke tun farko. Har allo zan sake, a rubuta sunanka ƙarƙashin na Alhaji. Gobe da sassafe mu fara da Geza, ko mi ka gani?"

"Na yahe miki tun jiya, 'Yar Baba."

"To gobe ƙarfe nawa?"

Ya sa hannu a aljihu ya daɗe yana lalube, sannan ya fito da wani makulli da ya sha hannu har ya yi santsi. Nasa ne na shago, wanda yake buɗewa da shi kowace safiya shekara talatin da huɗu.

Ya kamo hannunta ya ɗora mata.

"Baba, mene ne haka?"

"Akwai wani mai sai da kayan sola can ƙetare. Shekara biyu shina bina in zo in riƙe mishi wurin gyara, ina ce mishi ina da gida. Jiya da anka kai teburina baya, ya sake aiko da goro."

"Ka mayar masa."

"Na ci."

"Baba..."

"Gaban shaidu na ci shi. Kin san ba a amai da goro. Yau na zaka ne don kada a ce shagon Alhaji ya ji kunya ina da rai."

"Ƙaho sittin da biyu, Baba. Na riga na ce an gama. Wa zai nuna min inda za su duba?"

"Ke injiniya ta. Taƙi guda, a ɗebe yatsa biyu."

"Taƙina bai kai naka ba."

Ya yi ɗan murmushi, ya gyara rediyon da ke wuyansa, ya taka mashin. Sau uku kafin ya tashi. Bai juya ta hanyar Bagudo ba, sai ya miƙi 'yar siririyar hanyar da ta ratsa bayan rijiya ta yi yamma.

Najiba ta bi shi da gudu, makulli ɗaya a bakin mayafi, ɗaya a tafin hannu.

"Baba, tsaya mu yi magana. Baba!"

Ta wuce rijiya, ta wuce fangalin ƙarshe, ƙarar mashin tana ƙara nisa. A cikin jakarta waya ta yi ƙara.

Ting.